Nazarin Bashi Mai Haɗari: Daga Ina Matashi Zai Fara?

 Yau a shirinmu na faɗakarwa kan sana'o'i da harkokin kuɗi za mu duba wata sana'a da ba kasafai ake jin sunanta a gidajenmu ba, ko da yake tana ciyar da dubban mutane a Niyok da Landan, ta kuma fara samun gindin zama a Legas da Abijan. Sana'ar ita ce nazarin bashin kamfanoni masu rauni, wato kamfanonin da ba a ba su rance sai sun yi alkawarin kuɗin ruwa mai tsoka, saboda masu kuɗin ba su da cikakkiyar natsuwa cewa dukiyarsu za ta dawo. Manazarci shi ne wanda ake biya albashi ya zauna da takardun kamfani ya ce a ba shi, ko a hana shi, ko a ba shi amma a kan farashi kaza. Magana ɗaya nake so in kafa a wannan shiri: matashin da ke son shiga wannan fage ya fara karatunsa daga ranar da kamfani zai gaza biya. Ya koyi lissafin abin da zai rage a ranar da wanda zai fara ɗauka, sannan ya rubuta hukuncinsa a kan kamfani na gaske. Takardun shaida da iya hasashen kasuwa duk daga baya suke zuwa.

Bari mu share fage tukuna. Babban kamfani idan yana neman kuɗi, yana iya sayar da hannun jari, yana iya zuwa banki, yana kuma iya fitar da takardun lamuni. Takardar lamuni alkawari ce a rubuce: ka ba ni dala 100 yau, in riƙa ba ka kaza duk shekara, in mayar maka da uwar kuɗinka bayan shekara 5 ko 8 ko 10. Manyan kamfanoni uku ne ke auna ƙarfin masu cin bashi a duniya, Moody's da S&P da Fitch, kuma da haruffa suke ba da maki. A ma'aunin S&P da Fitch, daga AAA zuwa BBB- ana ɗaukar mai cin bashi a matsayin amintacce, daga BB+ zuwa ƙasa kuwa an tsallaka iyaka. A Moody's iyakar tana tsakanin Baa3 da Ba1. Wannan iyaka tana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin asusun fansho da kamfanonin inshora da yawa suna da ƙa'idar da ta hana su, ko ta taƙaita musu, riƙe takardun da ke ƙasa da ita. Ranar da aka rage wa kamfani maki ya faɗa ƙasa, sai waɗannan su sayar ko suna so ko ba sa so, wasu kuma da suka ƙware a wannan ɓangare su saya. A Amurka kaɗai, darajar irin waɗannan takardu ta haura dala tiriliyan 1.

Tarihin kasuwar bai da tsawo. A 1958 wani masanin tattalin arziki mai suna Braddock Hickman ya fitar da binciken da ya yi kan takardun lamunin kamfanonin Amurka daga 1900 zuwa 1943, ya nuna cewa wanda ya rarraba kuɗinsa a kan takardu masu ƙarancin maki da yawa, ya kuma yi haƙuri, abin da ya samu ya zarce abin da ya rasa a hannun waɗanda suka karye. Michael Milken ya karanta wannan bincike tun yana ɗalibi, ya gina sana'arsa a kansa a bankin zuba jari na Drexel Burnham Lambert. Kafin wajen 1977, yawancin takardun da ke ƙasan iyaka na kamfanonin da suka taɓa zama masu ƙarfi ne sannan suka faɗo. Daga nan aka fara fitar da sababbi ga kamfanonin da ba su taɓa samun maki mai kyau ba, irin su kamfanin waya na MCI, aka kuma riƙa cin irin wannan bashi ana sayen manyan kamfanoni ɗungurungum, har aka kai ga cinikin RJR Nabisco na kusan dala biliyan 25 a 1989. A watan Fabrairun 1990 Drexel ya durƙushe, a shekarar kuma Milken ya amsa laifin saɓa dokokin kasuwa aka yanke masa hukuncin ɗauri. A 1990 da 1991, kusan kashi 10 cikin 100 na irin waɗannan takardu aka gaza biya kowace shekara. Binciken Hickman bai yi ƙarya ba, amma yana da sharaɗin da masu rububi suka manta: ribar tana nan ne muddin an saya da araha, an kuma tantance.

Yanzu ga tushen hujjata, kuma lissafi ne da kowa zai iya yi a ka. Mai hannun jari idan ya dace, kuɗinsa na iya ninkawa sau 5 ko 10, don haka kamfani ɗaya da ya haɓaka yana iya rufe asarar da aka yi a wasu da dama. Mai takardar lamuni ba shi da wannan gata. Ko kamfanin ya zama zakaran duniya, abin da zai karɓa shi ne uwar kuɗinsa da ruwan da aka yi alkawari, ba ƙarin ko sisi. A ce takardar gwamnatin Amurka tana ba da kashi 4 a shekara, ta kamfaninmu kuma tana ba da kashi 8. Ladan ɗaukar haɗarin ke nan kashi 4. Idan kamfani ya karye, abin da masu bashin da ba su riƙe da jingina suka saba samu a tsawon tarihi bai wuce wajen dala 40 a kowace 100 ba, asarar 60 ke nan. Raba 60 da 4, ka sami 15. Ma'ana, kuskure ɗaya yana cinye ladan shekara guda na takardu 15 da aka zaɓa daidai. Wanda ya fahimci wannan lissafi ya san dalilin da ya sa tsofaffin hannu a wannan aiki ba sa rawar jiki da labarin ci gaban kamfani, kuma ya san dalilin da ya sa tambayarsu ta farko ga sabon yaro ita ce: ta ina za mu yi asara a nan, kuma nawa?

Abu na farko da wannan tambaya ke tilasta wa mai koyo shi ne bin sawun tsabar kuɗi, domin da tsaba ake biyan bashi, ribar da ke kan takarda ba ta biya. A kasuwar akwai wani awo da ake kira EBITDA, wato ribar kamfani kafin a cire kuɗin ruwa da haraji da tsufan kayan aiki, kuma da shi ake auna nauyin bashi. A ce kamfani yana samun dala miliyan 200 a wannan awo, ana binsa miliyan 1,000. Za a ce bashinsa ninki 5 ne, wanda ba baƙon abu ba ne a wannan kasuwa. To amma mu ci gaba da ragewa. Ruwa a kan kashi 9 ya ɗauke miliyan 90. Gyaran injuna da sabunta su, wanda in ba a yi ba masana'anta za ta tsaya, ya ɗauke 70. Haraji ya ɗauke 20. Saura miliyan 20 kacal. Idan ciniki ya ja baya ribar ta ragu da kashi ɗaya cikin biyar, ko harajin ya sauka babu abin da zai rage. Kuma ko komai ya tafi daidai, a kan miliyan 20 a shekara sai an yi shekara 50 kafin a biya uwar kuɗin. Wannan ya nuna mana wata gaskiya da mai koyo ke daɗewa bai gane ba: yawancin waɗannan kamfanoni ba sa biyan bashinsu daga aljihu, sabon bashi suke ci su biya tsoho. Don haka ranar cikar wa'adi, da halin da kasuwa za ta kasance a ranar, sun zama rabin nazarin. Ƙari a kan haka, masu kamfani sukan kumbura wannan awo da kuɗin da suka ce za su yi tsiminsa nan gaba in sun rage ma'aikata ko sun haɗe rassa. Aikin manazarci ne ya zare waɗannan ƙare-ƙare ɗaya bayan ɗaya, ya sake lissafi da abin da ya shigo hannu da gaske.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kawai wannan tarko ke kamawa. A 2007 wasu manyan kamfanonin zuba jari, ciki har da KKR da TPG, suka sayi kamfanin lantarki na TXU a jihar Teksas kan kusan dala biliyan 45, mafi yawa da bashi. Lissafin duka ya rataya ne a kan tsadar iskar gas, domin ita ke tsayar da farashin lantarki a jihar. Sai aka faɗaɗa haƙo gas daga cikin duwatsu a Amurka, farashi ya faɗi warwas, kamfanin ya nemi kariyar kotu a watan Afrilun 2014. Shahararren mai zuba jari Warren Buffett da kansa ya sayi takardun kamfanin na kusan dala biliyan 2, ya fita da asarar miliyan 873, ya kuma amsa wa masu jarinsa cewa kuskure ne. Kamfanin yana da tashoshi da kwastomomi, wuta ba ta daina tafiya ba. Abin da ya karya shi shi ne bashin da ba zai ɗauku ba sai wani farashi guda ya tsaya inda yake.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne ke raba ƙwararre da mai sha'awa, shi ne sanin layin masu bin bashi. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san magada ba sa taɓa komai sai an biya bashin mamaci, kuma in bashin ya cinye dukiyar sun tashi hannu rabbana. Haka kamfani yake in ya karye, sai dai masu bashin su ma hawa-hawa ne. Mai riƙe da jingina a kan masana'anta ko fili shi ke gaba, sai wanda ba shi da jingina, sai wanda ya sa hannu tun farko cewa zai jira a bayan kowa, masu hannun jari kuma su ne na ƙarshe. Akwai kuma wani hawan da ba a rubuta shi ƙarara a ko'ina, sai mai duba tsarin kamfani ne ke ganinsa. Babban kamfani yakan kasance uwa ce da 'ya'ya da jikoki. Masana'antu da kuɗin shiga suna hannun 'ya'yan, amma wani lokaci uwar ce ke cin bashi, ita kuwa ba ta mallaki komai ba sai hannun jarin 'ya'yanta. In abu ya lalace, masu bin 'ya'yan za su ƙoshi kafin ko kwabo ya hau zuwa wurin uwar. Masu zuba jari na ƙetare sun ɗanɗana wannan a kamfanin gine-gine na Evergrande na ƙasar Sin, wanda jimlar abin da ake binsa ta haura dala biliyan 300. Ya gaza biyan takardunsa na dala a watan Disambar 2021, kotun Hong Kong ta ba da umarnin rushe shi a Janairun 2024, amma gidajen da filayen suna cikin babban yankin Sin a hannun ƙananan kamfanoni masu nasu masu bashi, da magidanta da suka biya kuɗin gidaje suna jira. Wanda ya zana bishiyar kamfanin a takarda tun farko, ya sa alama inda bashinsa ya zauna, ba zai yi mamakin abin da ya biyo baya ba.

Daga layi sai yarjejeniya. Kowace takardar lamuni tana zuwa da kundi mai ɗaruruwan shafuka da lauyoyi suka rubuta, wanda ya fayyace yawan ƙarin bashin da kamfani zai iya ci, da kuɗin da zai iya fitarwa ga masu shi, da kadarorin da zai iya sayarwa ko matsarwa. Karatunsa akwai gundura, shi ya sa da yawa ke tsallakewa, shi ya sa kuma wanda ya jure yake da daraja. A ƙarshen 2016 kamfanin tufafi na J.Crew a Amurka ya haɗa wasu sassa na yarjejeniyarsa, kowanne shi kaɗai ba ya nuna wata illa, ya bi ta cikinsu ya kwashe kaso mafi tsoka na haƙƙin mallakar sunansa zuwa wani reshe da yarjejeniyar ba ta ɗaure ba. Sunan nan shi ne kadara mafi tsada da masu bashi ke ganin suna riƙe da ita. Daga baya aka jinginar da shi ga wasu masu bashin dabam. Tun daga lokacin, masu saye suka fara neman a sa sharaɗin toshe wannan ƙofa, kamfanoni da lauyoyinsu kuma suka ci gaba da neman wasu ƙofofin. Matashin da ya iya buɗe kundi ya nuna da yatsa cewa ta nan dukiya za ta iya fita, kuma adadinta kaza ne, ya riga ya mallaki abin da ba kowane mai digiri na biyu ke da shi ba.

Wani mai sauraro zai ce, in dai gudun asara ne manufar, ai sai a ƙi sayen komai a huta. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma gaskiya ne cewa manazarcin da bai san komai ba sai a'a ba zai daɗe a kujerarsa ba, tunda an ba ma'aikatarsa kuɗin ne don ta juya su. Amsar ita ce sanin abin da zai rage a ranar karyewa shi ne ke ba mutum ƙarfin halin saye lokacin da kowa ke gudu. Idan ka lissafa cewa ko an rushe kamfani za ka sami 60, kasuwa kuma tana sayar da takardar a kan 45 saboda firgici, to raunin kamfanin bai hana cinikin zama mai kyau ba. A ƙarshen 2008 tazarar ruwa tsakanin waɗannan takardu da na gwamnatin Amurka ta kai wajen kashi 20, a shekarar 2009 kuwa kasuwar ta ba da riba fiye da kashi 50 cikin 100. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta rufe masana'antu, S&P ta jefa kamfanin motoci na Ford ƙasan iyaka. Wata guda bayan haka Ford ya ci bashin dala biliyan 8 a kan ruwan da ya kama daga kashi 8.5 zuwa sama da 9.5, a 2023 kuma S&P da Fitch suka mayar da shi sahun amintattu. Waɗanda suka saya a waɗannan lokuta da hankalinsu a kwance su ne waɗanda suka riga suka yi lissafin mafi munin hali.

Wani kuma zai ce, tunda Moody's da S&P sun riga sun ba da maki, me ya rage wa yaro ɗan shekara 24 ya gano? Maki yana da amfani, kuma a jimlace takardun da ke da B sun fi na BB yawan gazawa, na CCC kuma sun fi duka. Amma maki ba ya gaya maka ko farashin yau ya dace, kuma sau da yawa yana zuwa a makare. Kamfanin Enron yana cikin sahun amintattu har kwana 4 kafin ya shigar da takardar karyewa a farkon Disambar 2001. Masu ba da maki kuma kamfanin da suke aunawa ne ke biyansu, lamarin da aka daɗe ana gunaguni a kai. Duk da haka ba zan hana kowa neman aiki a wurinsu ba. Makaranta ce mai kyau, domin a can ne ake zaunar da sabon ma'aikaci a gaban kwamiti ya kare ra'ayinsa, kuma suna wallafa hanyoyin da suke bi wajen auna kowane fannin kasuwanci, wanda mai koyo zai iya karantawa a intanet.

Ƙofofin shiga ba su da yawa. Akwai waɗannan kamfanonin ba da maki, akwai sashen tantance rance na bankunan kasuwanci, akwai bankunan zuba jari da ke shirya takardun suna kuma rubuta nazari ga kwastomominsu, akwai masu sarrafa asusu da ke saye da kuɗin jama'a, akwai kuma kamfanonin akanta masu sashen farfaɗo da kamfanonin da suka shiga uku. Masu sarrafa asusu ba su cika ɗaukar ɗanyen hannu ba, galibi daga sauran ƙofofin suke zaɓa bayan shekara biyu ko uku. A duk inda mutum ya ƙwanƙwasa, a ƙarshe za a ce masa: kawo mana takarda ɗaya da kake ganin a saya ko a sayar, ka faɗa mana dalili. A nan ne shawarata ta fi ƙarfi. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka tana da rumbun EDGAR, inda rahotannin shekara da na wata uku-uku na kamfanoni, har da yarjejeniyoyin bashinsu da dama, suke a buɗe kyauta ga duk mai intanet. Ka zaɓi kamfani ɗaya mai maki B wanda kasuwancinsa ke da sauƙin fahimta, kamar mai yin kwali ko mai hayar motoci. Ka shigar da alƙalumansa na shekara 5 a Excel da hannunka, kada ka kwafo na wani. Ka jera basussukansa daga na gaba zuwa na baya, kowanne da wa'adinsa da ruwansa da jinginarsa. Ka ƙiyasta abin da za a sayi kamfanin in an matsu, ka raba wa masu layi. Sannan ka taƙaita duka a shafi biyu, hukuncinka a layin farko.

To ina matsayin takardun shaida? Ba na raina su. Ilimin akanta shi ne harshen aikin, kuma wanda ya yi ICAN ko ANAN ko ACCA ya shigo da jari. Jarrabawar CFA, mai matakai uku, an san ta a duniya, tana kuma taimaka wa takardar neman aikin wanda bai fito daga sananniyar jami'a ba ta tsallake tantancewar farko. Sai dai tana cin shekaru, ana biyanta da dala, kuma abin da take koyarwa game da karanta yarjejeniyar bashi ɗan kaɗan ne. Kuskuren da nake gargaɗi a kai shi ne mutum ya jingine nazari na zahiri har sai ya gama tara takardu. Mai ɗaukar aiki yana ganin masu takarda iri ɗaya da yawa a mako, amma ba kullum yake ganin wanda ya zo da shafi biyu da za a iya musu a kansu ba.

Na san a Kano ko Damagaram wani yana cewa wannan duk zancen Niyok ne. Cibiyar kasuwar tana can, babu shakka, kuma samun aiki a can daga nan abu ne mai wuya. Amma a ma'aunin manyan kamfanonin nan uku, gwamnatin Najeriya da kanta tana ƙasan iyaka, a rukunin B, kuma da wuya a ba kamfani makin da ya zarce na ƙasarsa da nisa. Saboda haka takardun dala da bankuna irin su Access da UBA, ko kamfanin mai na Seplat, suka fitar a kasuwar duniya, duk cikin wannan aji suke. Najeriya ta fara fitar da irin wannan takarda ta dala a Janairun 2011, ta miliyan 500. Gana ta dakatar da biyan nata a Disambar 2022, masu riƙe da su kuma suka haƙura da kusan kashi 37 cikin 100 a sulhun da aka yi a 2024. Nijar ta kasa biyan wasu basussukanta a kasuwar yankin sefa bayan takunkumin da ya biyo juyin mulkin Yulin 2023. A gida akwai masu ba da maki irin su Agusto & Co, da aka kafa a 1992, da GCR da DataPro, a Abijan kuma akwai Bloomfield, ga kasuwar FMDQ inda ake cinikin takardun kamfanoni. Kuma ɗan ƙasa yana da abin da baƙo ke wahalar samu. Bayan an saki darajar naira a Yunin 2023, MTN Najeriya, duk da ɗimbin kwastomominsa, ya rufe shekarar da asarar naira biliyan 137, saboda yana karɓar naira alhali wani babban ɓangare na nauyin da ke kansa da dala ake lissafa shi. Manazarcin da ke zaune a nan, yana ganin tazarar farashin dala tsakanin banki da 'yan canji kowace safiya, ba ya buƙatar rahoto daga Landan kafin ya san inda irin wannan haɗari ya kwanta.

Akwai tambayar da ta fi waɗannan duka nauyi a zukatan masu saurarenmu da yawa, kuma ba zan kewaye ta ba. Takardar lamuni ta yau da kullum rance ce da ruwa, kuma jumhurun malaman Musulunci suna ɗaukar wannan a matsayin riba da aka haramta. Wanda ya ɗauki aiki a asusun da ke saye da sayar da su ya sani cewa a tsakiyar harkar yake, kuma hukuncin matsayinsa na malamai ne, ya je ya tambaye su kafin ya sa ƙafa. Abin da zan iya faɗa a matsayin mai nazari shi ne ƙwarewar da muka zayyana ba ta rataya da ruwa ba. Gwamnatin Najeriya ta fitar da sukuk na farko, wato takardar da ake ɗora ta a kan wata kadara maimakon ruwa, na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, bankunan Jaiz da TAJ da Lotus suna ba da kaya bashi ta murabaha suna kuma yin ijara, kuma duk suna fuskantar wanda zai kasa biya. Sukuk ma yana da nasa ƙofofin ɓoye. A 2017 kamfanin Dana Gas na Sharja, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya wayi gari ya ce sukuk ɗinsa na dala miliyan 700 ya saɓa wa shari'a, don haka ba za a tilasta masa biya a kan sharuɗɗan farko ba. Sai da aka yi ta shari'a a kotunan Ingila da na Sharja kafin a sasanta a 2018. Tambayar da ke gaban mai sukuk ita ce ko da gaske ya mallaki kadarar da aka ambata, ko kuwa alkawarin kamfani kawai yake riƙe da shi, kuma amsar tana cikin kundi. Mutanen da suka haɗa fiƙihun mu'amala da iya wannan karatu ba su da yawa, kuma ana nemansu.

Kada kuma a shiga da zaton aikin hutu ne. Sau huɗu a shekara kamfanoni ke fitar da sakamako, kuma manazarci ɗaya yana iya riƙe kamfanoni 30 ko fiye, kowanne da alƙaluman da za a sabunta cikin sa'o'i. Sabuwar takarda kan fito da safe a rufe cinikinta kafin yamma, kundin kuma ba ya raguwa saboda lokaci ya ƙure. Bankuna sun rage ma'aikatan nazari, musamman tun da Turai ta sauya dokar biyan kuɗin bincike a 2018, wani ɓangare na rancen kuma ya koma hannun asusu masu zaman kansu da ke ba kamfanoni bashi kai tsaye, waɗanda su ma irin wannan hannu suke ɗauka. Na'urori yanzu suna iya taƙaita rahoto cikin daƙiƙu, wanda ya rage darajar mai kwafar alƙaluma kawai, amma har yanzu mutum ne ke sa hannu a kan shawarar zuba miliyoyi, shi ake kuma tuhuma in ta ɓaci. Saboda haka idan ka gama shafi biyun nan, ka sa musu kwanan wata, ka rubuta farashin takardar a ranar da abubuwa biyu ko uku da in sun faru za ka sauya ra'ayi. Bayan wata shida, da kamfanin ya fitar da sakamako sau biyu, ka dawo ka gwada abin da ka ce da abin da ya auku, ka rubuta inda lissafinka ya kauce da dalili, ka haɗa wannan shafi na uku da biyun farko a duk takardar neman aikin da za ka aika.